Malam Ibrahim da Isawa: Daga Kasuwar Kurmi zuwa Gimi

Layin dogo da ya tashi daga Zariya zuwa Kano yana ratsa wani gari da ake kira Gimi, a ƙasar Makarfi, maƙwabciyar Ikara da Kudan. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye sun san Gimi da tasha da noma, amma ba kowa ya san cewa a can ne aka kafa ɗaya daga cikin al'ummomin Kiristoci Hausawa na farko ba. Waɗanda suka kafa ta zuriyar almajiran wani malamin Kano ne, mai suna Malam Ibrahim, wanda aka kashe tun Turawa ba su yi mafarkin mulkin ƙasar Hausa ba. Kiristocin Hausa suna ɗaukarsa mai share fage, wanda ya faɗi abin da zai zo kuma ya ba da ransa a kan abin da ya gaskata. Malaman fadar zamaninsa kuwa sun ɗauke shi wanda ya kauce wa hanya. Ko ta wace fuska mutum ya dube shi, labarinsa na ƙasar nan ne, a zauren karatu ya tsiro, da allo da tawada.

Kano bayan jihadi, 1807 zuwa 1855

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, Kano kuwa ta shiga hannun masu jihadi wajen 1807. Malam Sulaimanu ne sarki na farko a sabon tsari, sai Ibrahim Dabo ya gaje shi a 1819 ya yi mulki har 1846. Jihadin ya zo da alkawarin adalci, da kawar da harajin zalunci, da ɗaukaka ilmi. Sakamakonsa na farko shi ne karatu ya yawaita. Birni da ƙauye suka cika da tsangayu, kowane malami da zaurensa da almajiransa.

Sai dai da tafiya ta yi tafiya, wasu malaman karkara suka fara ganin cewa abin da aka yaƙa yana dawowa da sabuwar riga. Jakadu suna zagaya ƙauyuka suna karɓar kuɗin ƙasa, har daga hannun malaman da suke ganin an ɗauke musu wannan nauyi. Wajen 1846, a farkon sarautar Sarki Usmanu, wani malami a Tsakuwa mai suna Malam Hamza ya ƙi biya. Da abin ya yi tsamari, ya kwashi jama'arsa ya shige duwatsun Ningi, cikin Butawa da Warjawa. Daga wannan hijira aka sami daular Ningi, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana kai hari ƙasashen Kano da Zazzau da Bauchi. Fadar Kano ta ɗauki darasi daga nan: malamin da ya tara jama'a a kan wata fahimta tasa ta daban, gobe yana iya zama mai tuta da dakaru.

Akwai kuma wani abu da ya cika zukatan mutane a lokacin. Ƙarni na goma sha uku na Hijira yana gangarawa, shekara ta 1300 za ta kama a ƙarshen 1882, ana ta maganar ƙarshen zamani. Shehu da kansa ya yi rubutu a kan bayyanar Mahadi, ya kuma bayyana cewa ba shi ne ba. A karatun Musulunci, bayyanar Mahadi tana tafe da fitowar Dujal da saukowar Annabi Isa. Don haka sunan Isa ɗan Maryamu yana yawo a bakin masu wa'azi da mawaƙan ajami tun kafin wani ɗan mishan ya taka ƙasar.

Karatun Malam Ibrahim

A cikin wannan yanayi Malam Ibrahim ya tashi. Abin da aka sani game da shi ya zo ne ta bakin almajiransa da jikokinsu, sai daga baya 'yan mishan da masu binciken tarihi suka rubuta. Ruwayar ta ce malami ne mai zurfin karatu a birnin Kano, yana da kusanci da fada a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855.

Wanda ya san zauren malamin Hausa zai iya hango yadda abin ya faro. Bayan sallar lisha an hura wutar kara, ƙananan almajirai suna ta biya allunansu, manya kuma sun kewaye buzun malam, an zaro warƙoƙi daga gafaka ana bin aya ɗaya bayan ɗaya, malam yana fassarawa da Hausa. Ana cewa a irin wannan zama ne Malam Ibrahim ya tsaya a kan ayoyin da suka ambaci Isa, musamman a Suratu Ali Imrana da Suratu Maryam. Ya lura da haihuwarsa ba tare da uba ba, da warkar da makaho da kuturu, da tayar da matattu da izinin Allah, da kiransa Kalmar Allah da Ruhi daga gare Shi, da ɗauke shi zuwa sama. Duk malamin Musulunci ya san waɗannan ayoyi, kuma tafsiri ya yi bayaninsu a matsayin mu'ujizojin annabi bawan Allah. Inda Malam Ibrahim ya rabu da sauran malamai shi ne hukuncin da ya yanke: ya ce wanda aka ba wannan daraja, kuma shi ake jira ya dawo a ƙarshen zamani, shi ya kamata a sa gaba. Akwai masu cewa Linjila ta Larabci ta faɗo hannunsa ta hanyar fataken hamada, amma ruwayar da ta fi yawa ta tsaya a kan cewa daga Alƙur'ani ya ɗauko hujjarsa.

Ya fara koyar da haka, mutane suka taru. Jama'a suka sa musu suna Isawa, su kuma suna kiran kansu Bani Isra'ila. Ba su da coci, ba su san baftisma ba, ba su taɓa ganin fasto ba. Tufafinsu da karatunsu da harshensu duk na malaman Kano ne. Wannan shi ya sa masana tarihi, irin su Ian Linden da ya yi bincike a kansu, suke bayyana su a matsayin mutanen da suka tsaya tsakanin addinai biyu na Littafi.

Hukuncin kasuwa, wajen 1867

Labari ya kai fada. Dalilan da suka sa aka ɗauki abin da zafi guda biyu ne. Na farko na aƙida ne, domin daular da aka kafa a kan gyaran addini ba za ta zuba ido wani malami yana taɓa kalmar shahada ba. Na biyu na tsaro ne. A shekarun nan Ningawa, ƙarƙashin Ɗan Maje, sun addabi kudancin Kano, Sarki Abdullahi yana ta fita yaƙi da su. Duk wata ƙungiyar malamai mai ware kanta, fada tana kallonta da idon Tsakuwa.

Ruwayar Isawa ta ce an kira Malam Ibrahim gaban sarki da malamai, aka nemi ya janye, ya furta shahada cikakkiya a gaban jama'a. Ya ƙi. Aka ba shi dama ya sake tunani, ya tsaya a kan bakansa. Sai aka yanke masa hukuncin kisa, aka tsire shi a kasuwar Kano. Masu rubuta tarihi suna sanya wannan wajen 1867. Tsirewa hukunci ne da ake yi a bainar jama'a don ya zama gargaɗi, kasuwar Kurmi kuwa ita ce wurin da Bakano da Buzu da Balarabe da Banufe suke haɗuwa, don haka labarin ya bi ayari ya bazu.

A nan ne maganar annabci ta shigo. Ana cewa kafin a kashe shi ya umarci almajiransa su bar Kano, ya kuma gaya musu cewa Allah zai bayyana musu cikakkiyar gaskiya a gaba, wasu mutane za su zo daga nesa da littafin Isa a hannunsu, idan sun zo a saurare su. Wannan magana gado ce ta baka, kuma an rubuta ta ne bayan zuwan 'yan mishan, a lokacin da masu ba da labarin suke ganin ta riga ta cika. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne tasirinta: mutane sun riƙe ta kusan shekara hamsin, sun koya wa 'ya'yansu, kuma ita ta kai jikokinsu ƙofar mishan a Zariya.

Shekarun warwatsuwa, 1867 zuwa 1903

Kisan bai kashe koyarwar ba, sai ma ya watsa irinta. Isawa suka fantsama. Wasu suka nufi Ningi, inda hannun Sarkin Kano ba ya kaiwa. Wasu suka gangaro kudu suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Zazzau. Yankin da ya haɗa Ikara da Makarfi da Kudan yana bakin wannan iyaka, ƙasa ce mai albarkar noma, mai yawan ƙauyukan Maguzawa, inda baƙo zai iya sarar daji ya kafa gida ba tare da an tsananta masa tambaya ba. Mai gudun fitinar wata fada yakan sami sauƙi idan ya koma ƙasar wata.

Cikin almajiran da suka riƙe amanar, ruwaya ta fi ambaton Malam Yahaya, wanda ya ci gaba da koyarwa yana zagaya jama'ar da ta warwatse. Rayuwarsu ta ɓoyo ce. Suna noma, suna saƙa, suna karantar da yaransu, suna auratayya a tsakaninsu. Musulmi suna ganin sun fita, Maguzawa kuma suna ganinsu malamai. A shekarun nan Kano ta sha basasarta ta 1893 zuwa 1895, Mahadin Sudan ya bayyana a 1881 ya girgiza gabas, jama'a da yawa suka yi hijira suna neman tarar da shi. Isawa ba su bi wannan ayari ba, domin wanda suke jira daban ne.

Likita Miller, 1900 zuwa 1913

A 1900 wata tawagar ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wato CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta iso Kano. Cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a wurin Hausawan Tarabulus. Sarki Alu ya karɓe su a fada ya sallame su nan take, ya ce su bar masa gari. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. A Fabrairun 1903 sojojin Turawa ƙarƙashin Lugard suka ci Kano. A 1905 Likita Miller ya sami izinin zama cikin birnin Zariya, a unguwar Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Aikin bai yi saurin ba da 'ya'ya ba. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, don haka suna taƙaita wa'azin mishan a masarautu. Mutanen birni suna zuwa karɓar magani, su yi godiya, su koma masallatansu. Shekara takwas Miller yana fassara da koyar da 'yan yara kaɗan.

A 1913 sai ga wasu mutane sun yi sallama a gidansa. Hausawa ne masu karatun allo, suka ce su Bani Isra'ila ne, iyayensu sun bar musu wasiyya su nemi masu littafin Isa. Miller ya ba da labarin wannan haɗuwa a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1936. Abin ya ba shi mamaki ƙwarai, domin ya tarar da mutanen da suka riga shi fara tafiyar. Aka tura masu bishara ƙauyukansu, aka zauna ana karatu. Tattaunawar ba ta zo da sauƙi ba. Isawa sun san Isa Kalmar Allah, mai dawowa, amma gicciye da tashi daga matattu da Triniti sababbin abubuwa ne a kunnensu, wasunsu ma sun saɓa wa abin da suka haddace. Wasu suka karɓa aka yi musu baftisma. Wasu suka ce wannan ba shi ne abin da Malam ya bar musu ba, suka zauna a kan tafarkinsu. Har yau akwai ragowar Isawa a wajejen Ningi da wasu sassan ƙasar Kano.

Gimi: tashi da faɗuwa, 1913 zuwa wajen 1920

Waɗanda suka karɓi bishara suna warwatse a ƙauyuka, kuma zama a tsakiyar dangi da masu sarauta ya yi musu wuya. Sai aka yanke shawarar tara su wuri guda. Aka sami fili a Gimi, kusa da layin dogon da ya isa Kano a 1911, abin da ya sa zirga-zirga tsakaninsu da Zariya ta yi sauƙi. Iyalai suka taso da tsofaffinsu da awakinsu da irin shukarsu, mutum fiye da ɗari, suka gina ɗakuna da majami'a da makaranta. Wanda ya zauna da su yana kula da ikilisiyar shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, jikan waɗanda aka kwashe daga Afirka a zamanin cinikin bayi. Tsofaffin da suka yi shekaru suna karatu a ɓoye suka sami wurin da za su yi sujada da Hausa a fili, yaransu kuma suka haɗa boko da ajamin da suka gada.

Abin da ba a lura da shi ba shi ne rafukan yankin. Kurmin da ke bakin ruwa matattarar ƙudan tsando ne, mai ɗauke da ciwon barci. Masu ɗiban ruwa da masu wanka a rafi su ne suka fi kamuwa da irin wannan ciwo. Ciwon yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai, sai kaluluwa ta kumbura a bayan wuya. Bayan watanni mutum ya rame, ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, har a kai inda zai yi barci da lomar tuwo a hannu, daga nan sai kabari. A wancan lokaci maganin da ake da shi kaɗan ne, kuma mai haɗari. Cikin 'yan shekaru annobar ta cinye mafi yawan mutanen ƙauyen. Zuwa wajen 1920 zaman ya watse, aka kwashe waɗanda suka tsira, akasarinsu yara da matasa, zuwa Zariya.

Masifar ba ta Gimi kaɗai ba ce. Ciwon barci ya ci gaba da ɓarna a arewa maso gabashin Zazzau har ya tilasta wa gwamnatin mulkin mallaka ta ƙaddamar da shirin Anchau a ƙarshen shekarun 1930, inda aka sassare kurmin bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka tashi ƙauyuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Da an san wannan dabara shekara ashirin kafin nan, da tarihin Gimi ya zama daban.

Wusasa da zuriya, daga 1929

Marayun Gimi suka zama ƙashin bayan makarantar Miller. A 1929 mishan ta bar cikin birnin Zariya ta koma Wusasa, bayan ganuwa. A can aka gina cocin Saint Bartholomew da ƙasa, magina Hausawa suka ɗaure rufinsa da bakan gizo irin na sorayen sarakuna, har yau yana tsaye. Aka kafa asibiti da makarantu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba da shekaru masu yawa a kansa tare da Hausawan da suka taya shi tace harshen. Littafin da aka ce Malam Ibrahim ya yi alkawarin zuwansa ya shiga hannun jikokin almajiransa da harshen uwa, shekara sittin da biyar bayan kisansa. Miller ya rasu a 1952.

Ƙaramar al'ummar Wusasa ta ba Arewa mutane fiye da yawanta. Likita R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, ɗan wannan makaranta ne. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa yake aikin bishara. Daga gidan Isawa kuwa aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan Malam Bulus Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927. Likitan yara ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami, sannan ya zama ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Dubban ɗalibai Musulmi da Kirista sun yi karatu a ƙarƙashin jikan mutanen da aka kora daga Kano saboda karatu.

Abin da ya rage a ƙasar Ikara

Gaskiyar tarihi ita ce yawancin Kiristocin Ikara da Makarfi da Kudan na yau ba zuriyar Isawa ba ne. Akasarinsu daga gidajen Maguzawa suka fito, waɗanda suka karɓi bishara da yawa musamman daga shekarun 1970. Yau akwai majami'u na ɗariku daban-daban a ƙauyukan yankin, Cocin Angilikan ma tana da dayosis a Ikara, wadda Bishop Yusuf Janfalan ya jagoranta. Amma Gimi ce ta fara nuna cewa mutum zai iya zama Bahaushe cikakke, da rigarsa da hularsa da kunyarsa, kuma ya zama mai bin Almasihu.

Tarihin nan yana da magana ga kowane ɓangare. Ga mai cewa Kiristan Bahaushe baƙo ne ko ɗan koren Turawa, ga Malam Ibrahim nan, wanda ya mutu shekara talatin da wani abu kafin Bature ya ci Kano. Ga Kiristan da yake ganin ba abin da ya haɗa shi da makarantar allo, ya tuna cewa kakanninsa a bangaskiya a gaban allo suka fara jin sunan Isa. Ga masu mulki kuma, na da da na yanzu, tsirewar kasuwar Kurmi ta nuna cewa takobi ba ya warware gardamar ilmi, hujja ce take warware ta.

A kasuwannin Ikara da Makarfi, Musulmi da Kirista suna auna masara da barkono da mudu ɗaya, sau da yawa kakansu ma ɗaya ne. Tsofaffin da suka ji labarin Gimi daga bakin waɗanda suka tsira suna ƙarewa. Nauyi ne a kan majami'un yankin, da masu sarauta, da sashen tarihi na jami'ar da ɗan Isawa ya taɓa shugabanta, su zauna da waɗannan dattawa, su naɗi muryoyinsu, su gano kufan ƙauyen da maƙabartarsa su killace, su rubuta sunayen iyalan da suka zauna a can. Idan an yi haka, yaran Gimi da ƙauyukan da ke kewaye, na coci da na masallaci, za su karanta tarihin ƙasarsu daga bakin mutanensu.